Ƙwan Kwaɗi a Ƙarƙashin Kazata

Ko zan manta da sunan kowa a Garwa, ba zan taɓa mantawa da Talatar da na kai babban malamin jami'a bakin akurkina ba. Ina gaba yana biye, jikata tana bayansa idonta ya kawo ruwa, maƙwabciyata kuma tana dariya har ɗankwalinta ya zame. Shekarata saba'in da wani abu (wani abun nan ba ruwanku da shi), na je Makka sau biyu, na aurar da 'ya'ya tara, amma kunya irin ta ranar ban taɓa ɗanɗana ta ba.

Bari in fara da kaina, don ku san ba ƙaramar mace ce ta yi wannan ɓarna ba. A unguwarmu ta Hausare kaf, in ana maganar ƙwai ni ake nufi. Ban shiga lekol ba, wato makarantar boko, ko sunana aka rubuta sai dai in gane shi da tsawonsa. Amma miƙo min ƙwai in ɗaga shi a rana, yanzu in gaya miki mai ɗa ne ko baragurbi. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai ta zuba ƙwai a ciyawa ta kama yawonta. To ni ce mai ɗebo ƙwan zabi in sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Na sa na agwagwa, na sa na talotalo. Ina da wata jar kaza mai gajerun ƙafafu, ko dutse kika tura mata ƙarƙashi za ta kwanta a kai da zuciya ɗaya. Mata har daga hayin gada suke kawo min ƙwai a nannaɗe cikin zane. Shekara hamsin ina wannan, kuma abu ɗaya na riƙe: ƙwai ɗumi yake so.

Sai Allah ya ba ni jika, 'yar ɗana na uku, aka sa mata sunana, nake kiranta Takwara. Yarinya mai kai, tun tana ƙarama. Ta yi karatu har ta kai matakin da ake ce wa mutum dokta. Kowa jikarsa tana karanta aikin asibiti ko na shari'a, tawa me take karantawa? Ƙwan kwaɗi. In mata suka tambaye ni a gidan biki sai in gyara mayafi in ce, "Likitanci take yi, ɓangaren ƙwai." Ban yi ƙarya ba, na dai bar kwaɗon a gida.

A bazarar nan, lokacin da Garwa ke zama kamar cikin tanda, na'urar sanyin ɗakin bincikensu, labo suke ce masa, ta mutu. Kuran kuma, wutar lantarki, yau akwai gobe babu. Gidana akwai sola da firijo, babanta ya sa min. Ranar Litinin da yamma sai ga Takwara a kan moto, babur ɗin haya, ta rungume wata shuɗiyar glasiye irin ta masu sayar da ruwan sanyi, tana ce wa mai moton ya bi a hankali kamar ta ɗauko jariri. Ta shigar da ita ɗakina ta ajiye gefen randa.

"Kaka, aikina na shekara uku ne a cikin nan," in ji ta. "Gobe malamina zai zo daga Maruwa, kwana ɗaya zai yi. In ya gani da idonsa, zai sa min hannu in yi sutenans bana. In bai gani ba, tafiya zai yi ƙasar waje ya daɗe, sai baɗi."

Sutenans ɗin nan ita ce ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa, a ba shi dokta. Na riga na ɗinka atamfar da zan sa.

Washegari bayan sallar asuba ta buɗe glasiyen, na leƙa. 'Yan faranti ne guda shida masu murfi, farare kamar gilashi, kowanne bai fi marfin kwalbar man shafawa ba. Uku an ɗiga musu jan fenti a murfi, uku shuɗi. A ciki ɗan ruwa, a cikin ruwan wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero, kowacce rabi baƙi rabi fari. Ta ba ni madubin da ke ƙara girman abu na duba.

"Wannan ne ƙwan?" na ce. "Ko ɓawo ba shi da shi."

"Kaka, kaza ma ba daga ɓawo take farawa ba. Zauna in gaya miki."

Ta ɗauki wani abu kamar allura ba tsini tana ɗiga ruwa a kowane faranti, tana yi tana bayani. Ta ce waɗannan ƙwai ɗanye ne, ba su nuna ba, haka suke zaune wata da watanni a cikin uwar. Ta ce a cikin kowanne akwai wasu ma'aikata da ido ba ya gani, anzim ake ce musu. Akwai babbansu, wanda in ya tashi komai sai ya motsa. Akwai wani anzim ɗin da aikinsa kawai ya liƙa wa babban nan wani ɗan abu, ya sa shi barci. Akwai kuma wani da aikinsa ya ɓalle abin. Kullum suna ja-in-ja, mai liƙawa ke rinjaye. Ranar da jikin uwar ya aiko da saƙo, irin ruwan da take ɗigawa yanzu, sai mai ɓallewa ya yi ƙarfi, babban ya farka. Da ya farka kuma sai ya tayar da wasu masu ɓallewar, su tayar da wasu manyan, abu ya bi gari.

"Kamar gulma," na ce.

"Kamar gulma, Kaka. Bayan awa biyar ko shida, jakar da ke tsakiyar ƙwan za ta narke, sai ki ga farin ɗigo ya fito a tsakiyar baƙin nan. Shi ne alamar ya nuna. Daga nan sai ya sake tsayawa ya jira na namiji. In ya samu, sai ya tsage biyu, biyu su zama huɗu, huɗu takwas, har talibambam ya fito. Mu ma haka jikinmu yake, da irin waɗannan ma'aikatan. In masu tsayarwa suka kasa, tsagewar ta ƙi tsayawa, shi ne ciwon dajin da ya ɗauke Alhaji."

Alhaji maigidana ke nan, kakanta. Ta ci gaba da magana. To a nan ne zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah: akwai rabi na biyu na bayanin nan, kuma ban ji shi ba. Na ga bakinta yana motsi, na ga ta nuna jajaye ta nuna shuɗɗa, ina ta gyaɗa kai ina "to, to". Amma hankalina ya tafi kan kunun zaƙin da zan tace wa baƙo, da kuma tunanin cewa yarinyar da na yanke wa cibiya ce ke koya min ƙwai. Abin da na ɗauka na ajiye shi ne: farin ɗigo ya fito, an yi nasara.

Kafin ta fita tarbar malamin a tasha ta ba ni aiki ɗaya tak. Akwai ɗan ma'aunin zafi a cikin glasiyen, ta ja masa layi da jan biro a kan sha takwas. In rana ta take, in ciro gorar ƙanƙarar da ta narke, in sa sabuwa daga firijo, in rufe.

"Shi ke nan, Kaka. Kar ki taɓa farantan."

"Ni za ki gaya wa? Tafi, Takwara, kar mota ta riga ki."

Wajen sha biyu na zo na canza gorar kamar yadda aka ce. Da na tsaya nan, da yau ba ni da labari. Amma madubin nan yana ajiye a kan randa yana kallona. Na ce leƙawa ai ba taɓawa ba ce.

Na duba jajayen. Allahu Akbar! Kowane ƙwai da farin ɗigonsa tas a tsakiyar baƙi, kamar idon zabuwa. Har guɗa na so in yi. Na duba shuɗɗan. Ba komai. Na goge madubin da gefen zane na sake dubawa. Baƙi ƙirin, ko ɗaya bai motsa ba. Faranti uku cur, rabin aikin yarinya.

Ina tsaye da madubin a hannu sai ga sallamar Goggo Dudu. Bafillatana ce, katanga ɗaya ta raba mu, shekara arba'in muna zaune. Ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa yarda ɗaya ta fi ɗaya sanin wani abu ba. Ta ji an ce furofesa zai zo, shi ne ta taho aron rariya da sabon zanenta a jiki.

"Jam na, Hajja? Me kike leƙe kamar mai duba?"

Na nuna mata. Ta duba, ta tsoma ɗan yatsa a gefen glasiyen, ta janye da sauri.

"Kay! Wannan sanyi ai ko nono ba zai yi barci a ciki ba. Yaran lekol ke nan. Amma ke fa, Hajja, ba ke ce uwar ƙwai ba? Ko sai na kaza kawai kika iya?"

(Ba na ɗora mata laifi. Na dai faɗi abin da ta ce, da yadda ta karkata kai ta ce shi.)

Sai lissafi ya zo min tsaf. Jajayen masu ƙarfi ne, sun nuna duk da sanyi. Shuɗɗan raunana ne, irin ƙwan da ke gefen gurbi wanda ɗumin uwa bai kai gare shi ba. Me nake yi da irinsu shekara hamsin? In tura su tsakiya. Ga kuma jar kazata tana kwanci, kwananta goma a kan ƙwan zabi, jikinta kamar garwashi. Na hango Takwara ta dawo ta tarar duka shida sun yi farin ɗigo, malaminta yana tambaya wa ya yi wannan, ni kuma ina cewa, "Ɗan abin da muka gada ne."

Na ɗauki shuɗɗan guda uku, na ɗaure kowanne a leda don kar ruwan ya zube (ku ga hankali), na je akurki, na ɗaga kazar, na matsar da ƙwan zabin gefe, na jera su a tsakiya inda ɗumi ya fi. Ta dube ni, ta gyara fiffike, ta kwanta. Na yi bisimilla na tofa. Goggo Dudu ta ce, "Barkalla." Rariyar da ta zo aro ko kallonta ba ta yi ba, ta nemi tabarma ta zauna.

Motar Maruwa ta yi latti, sai gab da la'asar suka iso. Na zaci zan ga ƙato da kwat. Ashe ɗan siririn mutum ne mai furfura a gemu, da jamfa da hula, sa'an ɗana na fari. Haifaffen Kuseri ne, Hausarsa da ɗan ƙamshin Larabci. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, yana ce min Hajja. Nan take na ji ya kwanta min. Takwara ta so ta wuce da shi ɗaki, na ce a'a, ba a gidana baƙo zai sha hanya tun daga Maruwa a nuna masa kwaɗi kafin ruwa. Gaskiyar magana, so nake kazar ta ƙara samun lokaci.

Na kawo kunun zaƙi mai sanyi a kwanon sha. Ya kafa kai, sai da ya ga ƙasan kwanon ya sauke.

"Hajja, sukari nawa kika sa?"

"Sukari? A kununa? Ko ƙwaya. Tsiro ne."

"Tsiron me?"

"Na shinkafa. In jiƙa ta, in shimfiɗa a buhu in rufe, kwana huɗu ta fito da ƙafa, in shanya in daka. In na dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, sai in zuba tsiron. Kafin gari ya waye ta tsinke, ta yi zaƙi da kanta."

Ya juya ya dubi Takwara. "Kin ji? Kakarki ta riga mu. Hajja, abin da ke cikin tsiron nan yana yanka kaurin gero ya mai da shi zaƙi, shi ne anzim. Dangin waɗanda jikarki ke bincike ne. Ke ma malamar labo ce."

Jama'a, kaina ya kumbura har na ji ɗankwali ya matse ni. Na saci kallon Goggo Dudu don in tabbatar ta ji.

"To Hajja," ya ce, "da kin sauke tukunya kike zubawa?"

Na yi dariyar manya. "Haba ɗana! Sai sakarya. Ai zafi kashe shi yake. Ki bari ya huce, ki tsoma ɗan yatsa, in kin iya barinsa a ciki, to lokaci ya yi. In kika zuba da zafi, kin dafa tsiron, ko kwana bakwai za ki jira ba zai tsinke ba. Kuma in ya mutu ya mutu, ko kin mayar da shi sanyi ba ya dawowa. 'Yan matan yanzu gaggawa ke cinsu. Sun zaci komai wuta yake so."

Ya tafa hannu. "Wallahi da za ki zo ki gaya wa ɗalibaina! Kowane anzim da iyakar ɗumin da yake ɗauka. Na tsiro ma jarumi ne. Na kwaɗo, da yake a ruwa ya saba, ko ɗumin tafin hannun mutum in ya daɗe ya ishe shi. Shi ya sa yarinyar nan take wahala da ƙanƙara."

Ɗumin tafin hannu.

Kwanon da ke hannuna ya yi nauyi. Daga can bayan gida na ji jar kazata ta yi ɗan gurnanin nan na mai kwanci. Ban taɓa jin sauti mai muni kamarsa ba. Na dubi Goggo Dudu, ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Na ce a raina, bari in zame in je in maido su kafin a shiga. Na fara yunƙurin tashi, gwiwa ta ƙi ba ni haɗin kai. Kafin in miƙe Takwara ta riga ta shige ɗaki. Na ji an buɗe glasiye. Sai ta fito.

"Kaka, ina shuɗɗan?"

"Wane shuɗɗa?"

(Na je Makka sau biyu, na ce wane shuɗɗa.)

"Farantai uku masu shuɗin fenti, Kaka. Ba sa ciki."

"Suna nan lafiya. Na ɗan canza musu wuri ne."

"Ina?"

Sai Goggo Dudu ta cire mayafin daga baki, ta ce da murya mai daɗi kamar mai ba da albishir, "Suna wajen uwar riƙo. Hajja ta ba kaza."

Haka muka jera zuwa akurki. Tsakar gidana ba ta da girma, amma ranar na ga kamar daga nan zuwa Tibati. Na durƙusa zan ɗaga kazar, furofesa ya ce bari ya taimaka. Ya miƙa hannu, ta sare shi a bayan hannu har jini ya ɗan fito. Babban malami, baƙon da ya durƙusa ya gaishe ni. Na damƙe ta na ɗaga, tana ihu tana fuka-fuki, ga ledoji uku a jere tsakiyar ƙwan zabi, sun yi gumi, ɗaya har da kashin kaza a kai.

Takwara ta kwance, ta ɗora madubi. Ni ma daga inda nake na gani. Baƙi da farin sun cakuɗe, sun yi toka-toka, wasu sun fashe, ruwan ya yi kamar tsinkakken koko.

Har a lokacin ban gama fahimta ba, sai na nemi in kare kaina. "Takwara, gani na yi sun ƙi nuna. Jajayen duk sun yi ɗigo, waɗannan ko ɗaya. Na ce kar malaminki ya zo ya tarar rabi ya lalace."

Ba ta yi min tsawa ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. A hankali ta ce, "Kaka, ƙin nunar shi ne aikina. Na gaya miki da safe. Jajayen saƙon kawai na ɗiga musu. Shuɗɗan na ƙara musu maganin da nake gwadawa, mai riƙe hannun anzim ɗin da ke ɓallewa. In sun ƙi yin ɗigo, maganin ya yi aiki. Shekara uku nake neman ranar da za su ƙi."

"Ko ɗaya bai yi ba?" furofesa ya tambaye ni da sauri. "Kin duba da kyau kafin ki ɗauka?"

"Ko ɗaya. Sau biyu na duba."

Ya runtse ido kamar wanda aka taka wa ƙafa. Sai ya ce a ba shi ma'aunin zafin nan. Ya tura shi ƙarƙashin kazar, wadda ta riga ta koma gurbinta tana harararmu, ya jira, ya ciro ya duba. Ya wuce jan layin Takwara nesa ba kusa ba, ya haura arba'in. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da tari, ya dafa katanga. Goggo Dudu ta samu abokin tarayya. Ni kuwa ina durƙushe a bakin akurki da gashin kaza a hannun riga.

Da ya natsu sai fuskarsa ta canza. Ya ce wa Takwara, cikin Hausa don in ji, "Na yarda da Hajja, amma ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba. Mataccen ƙwai ma ba ya ɗigo. Sai na ga suna raye sun tsaya, a wanke maganin, su ci gaba. Akwai sauran kwaɗi a labo?"

Ta girgiza kai. Macen ƙarshe ce ta ciri waɗannan daga jikinta. Motarsa kuma da safe.

Ban taɓa roƙon ɗan da na isa haifa ba. Ranar, tunda dai a durƙushe nake, sai na juya na fuskance shi. Na ce, "Ɗana, yarinyar nan ba ta yi laifi ba. Ni ce aka ce kar in taɓa na taɓa. In kwaɗi ne, gobe kafin hantsi zan kawo su. Ka ba ni kwana biyu."

Ya ce subhanallahi Hajja tashi, ya kama ni ya ɗaga. Ya shafa inda kazar ta sare shi. Sannan ya ce zai ɗaga tafiyar zuwa Juma'a, amma da sharaɗi: kunun nan safe da yamma.

Washegari da sassafe ni ce a bakin kogin Binuwai, wajen matan da ke sayen kifi daga hannun masunta, da bokiti a hannuna. Shekara da shekaru suna sanina da zaɓen ragon ruwa da giwan ruwa, in ɗaga in yar in ce ba na yau ba ne. Yau na zo ina tambaya a hankali ko an kama kwaɗi. Ba kuma kowane iri ba, Takwara ta kwatanta min: shimfiɗaɗɗen nan mai santsi, mai baƙaƙen farata a ƙafar baya, wanda ba ya fita ruwa, mace mai ƙiba.

"Me kika ce, Hajja? Ɗaga murya!"

"Kwaɗi."

"Jama'a ku zo, Hajja kwaɗi take nema! Miya za a yi ko soyawa?"

"Na jikata ne. Na karatu."

"Eh mana, na karatu. A sa miki yaji a gefe?"

Wani tsohon masunci ya ji tausayina, ya tura kwalekwale zuwa wani kududdufi da ruwa ya bari, ya dawo min da guda biyar suna iyo. Na ratsa kasuwa da su. Duk wanda ya gaishe ni sai ya leƙa bokitin. Kafin in isa gida labarin ya riga ni, har an ƙara masa cewa ciwon ƙafa nake magani.

Ranar Alhamis aka sake, a ɗakina, gefen randa. Wannan karon da Takwara ta fara bayani na sa ta maimaita sau biyu, na kuma mayar mata da bakina. Da suka fita sallar azahar da cin abinci, na zauna a tabarma ina fuskantar glasiyen, na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na danne. Goggo Dudu ta leƙo ta taga.

"A'a, Hajja! Yau ke ce da kanki kike kwancin?"

Na ƙara danne hannuwana.

Da la'asar jajayen suka yi ɗigo, shuɗɗan suka tsaya baƙi ƙirin, lafiyayyu, suna sheƙi. Furofesa ya duba ya sake dubawa. Takwara ta wanke su ta canza musu ruwa. Juma'a da hantsi ta miƙo min madubin, ni ta fara ba, kafin malaminta. Ga farin ɗigo a kan kowanne. Ya zaro biro ya sa hannu a kan gwiwarsa, da ɗan bandeji a bayan hannun. Da zai hau moto ya ce min duk shekara in sababbin ɗalibai suka zo zai ba su labarin nan, amma ba zai faɗi suna ba. Na ce ya kyauta. Garwa dai ta riga ta sani.

Takwara ta yi sutenans ɗinta, na sa atamfata na zauna a layin gaba, ban fahimci Faransanci ko kalma ɗaya ba, na fi kowa tafi. Yanzu in an tambaye ni me ta karanta, sai in ce ƙwan kwaɗi, da ƙarfi, in kuma ƙara da bayanin mai liƙawa da mai ɓallewa ko ba a nema ba.

Abin da na koya kuwa, a wannan shekaru nawa: in na ga abu ya ƙi motsi, sai na tambayi mai shi tukuna, ko shi ne ya ce masa ya tsaya. Tambayar tana min ɗaci a baki, ba zan ɓoye muku ba. Amma ta fi ratsa kasuwa da bokitin kwaɗi sauƙi.